Ciwon da ba ya jiran wayewar gari: yadda za a gane lokacin tafiya sashen gaggawa a Kumasi

Shekaru da dama ina aikin jinya, kuma tambayar da aka fi yi mini, ko a wajen suna, ko a waya, ko a ƙofar ɗakina a Aboabo da ƙarfe biyun dare, ba ta wuce guda ɗaya ba: mu tafi asibiti yanzu, ko mu bari gari ya waye? Masu karatu ma sun sha roƙona in rubuta amsar a wuri guda. Abin da nake so kowa ya riƙe shi ne cewa ba aikin mutanen gida ba ne su gano sunan cutar, wannan na likita ne. Aikinsu shi ne su gane ko ciwon zai iya jira, kuma akwai alamomin da ke nuna hakan ko da mutum bai taɓa shiga ajin likitanci ba.

1. Minti na farko: hayyaci, numfashi, jini

Kafin a tambayi abin da ya ci ko maganin da ya sha, a kunna fitila a dubi mara lafiyar da kyau. A kira sunansa da ƙarfi, a taɓa kafaɗarsa. Idan bai amsa ba, ko ya amsa da maganar da ba ta da kan gado, ko ya kasa gane matarsa da 'ya'yansa, babu sauran shawara, tafiya ta kama.

Sai a dubi ƙirjinsa. Wanda ke haki yana zaune, ba ya iya haɗa jimla ɗaya sai ya tsaya ya ja iska, ko leɓɓansa da harshensa sun yi duhu ko toka-toka, shi ma ba ya jira. Na uku shi ne jini: wanda ke ɓulɓula daga rauni ya ƙi tsayawa bayan an danne shi da tsumma mai tsabta na minti 10, ko wanda ya fito cikin amai, ko bayan gida baƙi ƙirin mai yauƙi kamar kwalta.

Gargaɗi: wanda ya suma amma yana numfashi, a kwantar da shi a gefensa don kada amai ya toshe masa maƙogwaro. Kada a ɗura masa ruwa, ko koko, ko rubutu, domin wanda ba ya cikin hayyacinsa ba ya iya haɗiya, abin huhunsa zai wuce. Idan kuwa numfashin ya tsaya gaba ɗaya, mutum ɗaya ya kira lambar gaggawa 112, wani ya ɗora hannayensa biyu a tsakiyar ƙirji yana dannawa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tare da tsayawa ba har taimako ya iso.

2. Alamomin da ba a yi musu kawaici a jikin babba

Shanyewar ɓarin jiki ita ce wadda na fi ganin ana ɓata wa lokaci a zangunanmu, saboda sau da yawa ba ta zuwa da zafi, kuma mutane sukan ce iska ce ta buge shi. Gwajinta mai sauƙi ne. A ce ya yi murmushi, a ga ko bakin ya karkace gefe ɗaya. A ce ya ɗaga hannayensa biyu, a ga ko ɗaya yana sulalewa ƙasa. A ce ya yi sallama ko ya faɗi sunansa, a ji ko harshen ya yi nauyi. Ɗaya daga cikin ukun nan ya isa. A dubi agogo a riƙe lokacin da aka yi masa ganin ƙarshe lafiya lau, don likita zai tambaya, kuma abin da za a iya yi masa a awannin farko ya sha bamban da abin da za a iya yi washegari. Ko da alamar ta gushe bayan minti 20 ya koma daidai, a tafi a ranar, domin irin wannan kan zama share fagen babba.

Gargaɗi: kada a ba wanda ake zaton ya sami shanyewar jiki asfirin, kada kuma a ninka masa ƙwayar hawan jini. Wata shanyewar toshewar jijiya ce, wata kuma fashewarta ce, sai hoton ƙwaƙwalwa ke rarrabe su, kuma asfirin yana ƙara wa mai fashewa zubar jini.

Ciwon ƙirji mai nauyi kamar an ɗora dutse, wanda ya wuce minti kaɗan bai lafa ba, musamman in yana miƙewa zuwa hannun hagu, ko muƙamuƙi, ko baya, tare da gumi mai sanyi da tashin zuciya, a ɗauke shi a matsayin ciwon zuciya har sai likita ya ce ba shi ba ne. Mutanenmu kan kira shi gyambon ciki su sha farin maganin ruwa su kwanta. Mata da tsofaffi da masu ciwon suga kuma wani lokaci ba sa jin ciwon ƙirjin sosai, sai kasala mai tsanani da haki kawai. A zaunar da mara lafiyar, kada a bar shi ya taka zuwa bakin titi, kada kuma ya tuƙa kansa.

Ciwon kai wanda ya sauko farat ɗaya, mutum ya ce bai taɓa jin irinsa ba, na gaggawa ne. Haka zazzaɓi mai haɗe da sanƙarewar wuya da ƙin haske, wanda alamar sanƙarau ce, a kuma ƙara lura da shi a lokacin hunturu da kuma ga wanda ya dawo daga arewa. Ciwon ciki mai tsanani wanda cikin ya yi tauri kamar allo, ko ya kumbura babu tusa babu bayan gida, ko gwaiwar da ta fito ta ƙi komawa tana zafi, duka na tiyata ne, kuma kada a ba shi abinci a hanya. Akwai ɗaya da kunya ke hana samari faɗi: ciwon maraina mai tsanani da ya zo kwatsam. Idan murɗewa ce, awa 6 ne kawai ake da su a ceto marainan, saboda haka uba ko yaya ya tambayi yaron a keɓe.

Masu ciwon suga suna da hatsari ta ɓangare biyu. Idan mai shan magani ko mai allurar insulin ya fara rawar jiki, gumi da ruɗewa, sugan ne ya faɗi, kuma na'urar auna suga za ta nuna ƙasa da 3.9. In yana iya haɗiya, a ba shi ruwan suga ko lemon kwalba mai zaƙi nan take, a sake aunawa bayan minti 15. In bai farfaɗo ba ko ba ya iya haɗiya, sai asibiti. Wannan ya fi faruwa da azumi, wajen la'asar, kuma ina roƙon iyayenmu su yarda su karya azumin a wannan hali, addini ya ba mara lafiya rangwame. Idan kuma sugan ya hau sosai tare da amai, ƙishirwa, yawan fitsari da numfashi mai zurfi, shi ma ba na jira ba ne. Game da hawan jini, lamba 180 bisa 120 ko fiye, tare da ciwon kai, dishi-dishin gani, ciwon ƙirji ko haki, na sashen gaggawa ne. In lambar ce kaɗai ta hau babu wata alama, a huta minti 5 a sake aunawa, sannan a ga likita a ranar.

3. Yara: a nan ne aka fi kuskure

Yaro ba ƙaramin babba ba ne. Yakan yi wasa da hantsi, kafin isha'i ya galabaita, kuma ba zai iya faɗin inda ke masa ciwo ba. Alamomi huɗu ne ma'aikatan lafiya ke fara dubawa a jikin yaron da bai kai shekara 5 ba: ya ƙi kama nono ko ya kasa shan komai, yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ya yi jijjiga, ko ya yi laushi da barcin da ba a iya tashinsa. Kowace ɗaya a cikinsu ta isa a goya shi a fita.

Sai ƙirga numfashi, wanda kowace uwa za ta iya da agogon waya. A ɗage rigar yaron lokacin da yake kwance ba ya kuka, a ƙirga sau nawa cikinsa ya ɗaga a minti ɗaya cikakke. Jaririn da bai kai wata 2 ba, 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa shekara 1, iyakar 50 ce. Daga shekara 1 zuwa 5, iyakar 40 ce. Idan kuma ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja iska, ko yana gurnani, to ciwon huhu ne ya yi nisa, ba mura ba ce.

Jaririn da bai cika wata 3 ba, zafin jiki 38 a ma'auni ya isa dalilin tafiya ko da yana shan nono. Haka in jikinsa ya yi sanyi ƙalau, ko cibiya ta yi ja tana ruwa, ko idanu da tafin hannu sun yi rawaya a kwanakin farko, wato ciwon shawara. Shanya jariri a hantsi ba ya maganin shawarar da ta yi ƙarfi, kuma idan ta hau ƙwaƙwalwa illarta ba ta gyaruwa. Ma'aunin zafi ba shi da tsada a shagon magani, kuma ya fi tafin hannun kowace kaka gaskiya.

Wani dare cikin damina wata maƙwabciyata ta buga mini ƙofa da ɗanta ɗan shekara biyu a kafaɗa. Jikinsa na warin tafarnuwa da manja, leɓensa na sama ya fashe inda aka cusa cokali. Ta ce, "Yaya, tun magariba yake fizge-fizge, Mma ta ce a bari babansa ya dawo daga Tamale tukuna." Na buɗe fatar idonsa ta ƙasa na ga fari fat, tafin hannunsa kamar takarda. Na shiga gidan na durƙusa gaban Mma, tsohuwar gidan, na ce, "Mma, ki yi mana izini, jinin yaron nan ya ƙare, addu'ar da kike yi ki ci gaba da ita a cikin mota." Ta ɗauki mayafinta ta riga mu fita. Zazzaɓin cizon sauro ne ya cinye masa jini, an yi masa ƙarin jini kafin asuba, kuma yau yana makarantar allo. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne awa shida da aka yi ana jiran izinin mutumin da, da aka same shi a waya, cewa ya yi me ake jira.

Gargaɗi game da jijjiga: a kwantar da yaron a gefensa a ƙasa, a kawar da abin da zai buge shi, a dubi agogo. Kada a sa masa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura masa manja, kada a kara ƙafarsa a wuta, kada a turara masa hayaƙi a hanci. Jijjigar da ta kai minti 5, ko ta dawo, ko ita ce ta farko a rayuwarsa, ta asibiti ce. Fitsari mai duhu kamar shayin da ba madara, da farin ido, da numfashi mai zurfi a jikin mai zazzaɓi, alamun zazzaɓin ya yi tsanani ne, ƙwayoyin gida ba za su iya ba, sai allura.

Gudawa kuwa rashin ruwa ne ke kisa a cikinta. A fara ba da ruwan gishiri da suga tun daga zawo na farko, a haɗa shi yadda aka rubuta a jikin fakitin. In babu fakitin, a juye ledar ruwa 2, wato lita ɗaya, a sa ƙaramin cokali 6 na suga da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, a ci gaba da nono. Amma idan idanu sun faɗa, maɗiga ta lotsa, fatar ciki in an ja ta ba ta komawa da wuri, ya wuni bai yi fitsari ba, ko akwai jini a zawon, lokacin tafiya asibiti ya yi.

Masu sikila suna da ƙa'idarsu daban, kuma suna da yawa a cikinmu, don kusan jarirai 2 cikin 100 da ake haifa a Gana suna ɗauke da cutar. A gare su zazzaɓi 38, ko ciwon ƙirji da haki, ko kumburin ciki ta hagu da farin ido, ko raunin hannu ko ƙafa, ko miƙewar gaba mai zafi da ta kai awa 2, duka na gaggawa ne. Kada a ce ai ya saba.

4. Mai ciki da mai jego

Jini kowane iri a lokacin ciki abin dubawa ne a ranar, in yana da yawa ko da ciwo kuma a take. Ciwon kai mai tsanani, ganin wuta-wuta, kumburin fuska da hannu, da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, alamun hawan jinin ciki ne wanda ke kai wa ga jijjiga. Haka in motsin ɗan ya ragu ko ya tsaya, ko faya ta fashe ba naƙuda, ko zazzaɓi ya kama ta. Macen da al'adarta ta yi jinkiri sannan ta ji ciwon mara mai tsanani a gefe ɗaya da jiri, a yi zaton ciki ne a wajen mahaifa, wanda in ya fashe jini ke zuba ta ciki ba a gani.

Bayan haihuwa hatsarin bai wuce ba har mako 6. Jinin da ke jiƙa ƙunzugu cikin awa ɗaya, zazzaɓi da wari, ciwon kai mai tsanani, kumburin ƙafa ɗaya ko haki, ba abin da ruwan zafi da kunun kanwa za su gyara ba ne. Na san ana jin nauyin fitar da mai jego kafin suna, amma ba a taɓa fasa suna don uwa tana asibiti ba. A ɗauki littafin awo, kuma a gaya wa mai gadi cewa mai ciki ce, don a nuna hanyar ɗakin haihuwa kai tsaye.

5. Hatsari, ƙuna, guba da cizo

Wanda ya faɗo daga babur ko pragya, wato keke mai ƙafa uku, ya bugi kai, ko da ya tashi ya karkaɗe rigarsa, a sa masa ido kwana ɗaya cur. Suma ko ta ɗan lokaci, amai fiye da sau ɗaya, barci mai nauyi, ruɗewa, ko jini ko ruwa daga kunne ko hanci, suna nufin a tafi. In yana kukan wuya ko baya, ko ƙafafunsa sun mutu, kada a naɗe shi a cusa a bayan tasi. A bar shi a miƙe, a riƙe kansa daidai da jikinsa, a kira motar asibiti. Karayar da ƙashi ya huda fata, ko yatsu suka yi sanyi suka canja launi, ba ta maɗori ba ce, kuma ɗaurin da ya matse da yawa ya sha jawo yanke hannun yara.

Ƙuna a zuba mata ruwan famfo mai sanyi minti 20, ba ƙanƙara ba, kuma kada a shafa man goge baki, ƙwai, manja ko toka. Wadda ta fi tafin hannun mai ita girma, ko ta fuska, hannu, gaba, ko ta jikin ƙaramin yaro, ko ta wutar lantarki, a rufe da ƙyalle mai tsabta a tafi.

Guba tana bukatar dogon gargaɗi, domin al'adar ɗura manja don a yi amai ta zama jiki. A gidajen da ake haɗa sabulu, yara kan sha ruwan soda da aka ajiye a robar ruwan sha, wasu kuma su sha kananzir daga kwalbar lemo. Soda tana ƙona maƙogwaro da shigarta, in aka sa amai ta sake ƙona shi da fitarta, kananzir kuwa amai ke tura shi huhu. Kada a sa amai, kada a ba da komai, a ɗauki robar ko kwalbar a tafi da ita. Saran maciji kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya: a cire zobe da awarwaro, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutumin. Cizon kare a wanke da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, sannan a je a ranar don allurar rigakafi, ko da raunin ƙarami ne.

6. Abin da zai iya kwana

Mura da tari ba tare da haki ba, zazzaɓin babba ko yaro mai wayo da ke ci yana sha yana magana, gudawa kaɗan ga mai shan ruwa, ciwon baya ko gwiwa na tsawon watanni, ƙaiƙayi, da ƙaramin yanka da jininsa ya tsaya, duka za su iya jiran asibitin unguwa da safe. A ba da farasitamol daidai shekaru, a yi gwajin zazzaɓin cizon sauro kafin a sha maganinsa, a kuma sake duba mara lafiyar bayan kowace awa 2 ko 3. Idan zuciyar uwa ta ƙi kwanciya, ta ce yaron nan ba haka yake ba, ni a wurina wannan ma alama ce.

7. Kira, mota da zaɓen asibiti

Lambar gaggawa a duk faɗin Gana ita ce 112, kuma kiran kyauta ne. Wanda ya fi natsuwa ya yi magana: abin da ya faru, shekarun mara lafiya, ko yana numfashi, da inda kuke. Lungunan Aboabo, Sawaba da Asawase ba kowanne mota ke shiga ba, don haka a ambaci masallaci, makaranta ko gidan mai da ke kusa, a ba da lambar gidan ta GhanaPost GPS in an san ta, a kuma tura yaro bakin titi da tocila. A tambayi mai amsa kiran minti nawa motar za ta ɗauka. In za ta daɗe kuma ba raunin wuya ko baya ba ne, tasi ko motar maƙwabci ta fi jira. Mai haki ya zauna, wanda ya suma ya kwanta a gefe, kuma kada a ɗora ko ɗayansu a babur.

Asibitin koyarwa na Komfo Anokye da ke Bantama, wanda kowa ke kira Gee, shi ne babba, kuma can ne ake kai mummunan hatsari, raunin kai, shanyewar jiki da babbar ƙuna. Amma ga wanda numfashinsa ke sarƙewa, ko mai jijjiga, ko mai zubar jini, asibiti mafi kusa shi ne daidai, ko na Manhyia, ko na Tafo, ko Suntreso, ko Kumasi South da ke Atonsu, gwargwadon unguwarku. Za su tsayar da abin da ya fi hatsari sannan su tura ku gaba da takarda. Da rana a tuna da cunkoson kasuwar Kejetia, a bar direban da ya san gari ya zaɓi hanya.

Gargaɗi: idan aka ce babu gado, kada ku juya kawai ku shiga yawon asibitoci. Ku roƙa cikin ladabi a auna shi, a ba shi taimakon farko ko a kan kujera ne, a rubuta takardar turawa, a kuma kira inda za ku kafin ku tashi.

8. Abin ɗauka da maganar kuɗi

A ɗauki katin inshorar lafiya da Ghana Card, katin asibiti ko littafin awo, da dukan magungunan da yake sha a cikin kwalayensu, har da na gargajiya da na ƙarfin maza, ba tare da ɓoye ko ɗaya ba. A haɗa da zane biyu, waya da caja. Mutum biyu sun isa rakiya: wanda ya ga farkon abin, da mai ƙafar zuwa sayen magani da kai gwaji. Idan ana zaton ƙarin jini, a sanar da samari biyu masu lafiya su zauna da shiri, don akan nemi dangi su mayar da jinin da aka ba da.

Inshorar ƙasa ta ƙunshi jinyar gaggawa, kuma rajistar mai ciki kyauta ce tun 2008. Duk da haka a riƙe kuɗi a hannu da kuma a momo, wato asusun kuɗi na waya, saboda wani maganin sai an saya a waje, wani hoton ko gwajin akan biya, kuma motar asibiti in za ta kai ku daga wani asibiti zuwa wani akan nemi kuɗin mai. A karɓi rasit a kan kowane biya. Katin inshorar kuwa a duba shi yau, kada a bari sai daren ciwo: a danna *929# a ga ko yana aiki, a sabunta ta momo, domin wanda ya daɗe da mutuwa ba lallai ne ya fara aiki a ranar da aka biya ba. Rashin kuɗi a aljihu kada ya hana fita. A tafi, wani ya biyo baya da abin da aka tara.

Shawarar da na fi ba magidanta ita ce su yi maganar izini tun ana lafiya. Maigida ya faɗa a gaban mahaifiyarsa da matarsa cewa duk ranar da aka ga ɗaya daga cikin alamomin nan, a tafi, a kira shi daga hanya. Ya ajiye wani abu a wurin da uwargida ta sani, ya kuma sa mata lambar direba biyu na unguwa da ke amsa waya da dare.

9. A bakin sashen gaggawa

A nan ba a bin layin wanda ya riga zuwa. Ma'aikaciyar jinya za ta auna numfashi, bugun jini, zafi da hayyaci, ta sa mara lafiya a launi. Ja ana ganinsa nan take, ruwan lemo cikin kamar minti 10, rawaya cikin awa ɗaya, kore kuma zai iya jiran awa 4 ko a tura shi sashen marasa lafiya na yau da kullum. Saboda haka in aka wuce da wanda ya zo bayanku, ba sanayya ba ce, nasa ne ya fi tsanani.

Jimlar farko ita ce mafi muhimmanci. Kada a fara da labarin makon jiya. A ce, "Bakinsa ya karkace tun ƙarfe tara," ko "Ta haihu shekaranjiya, jini ya ƙi tsayawa." Sannan a faɗi cututtukan da yake da su, maganin da aka ba shi a gida da lokacin, da wanda jikinsa ba ya so. In tsohuwa ba ta jin Turanci ko Asantanci, mai rakiyar ya tsaya kusa ya fassara abin da ta faɗa daidai, ba abin da yake zato ba. Idan kuna jira sai jikin ya canja, numfashi ya ƙaru ko barci ya fara ɗaukarsa, a koma wurin mai aunawa a faɗa, domin launi yana canjawa.

10. Kafin a bar asibiti

Idan an sallame ku, kada ku fita sai kun sami amsar abu uku daga bakin likita ko ma'aikaciyar jinya: me aka gano, yaya za a sha maganin kuma kwana nawa, da wace alama ce in an gani za a dawo. A rubuta a waya ko a bayan katin. A daren farko wani ya kwana kusa da mara lafiyar ya duba shi sau biyu ko uku, kuma in ɗaya daga cikin alamomin da aka lissafa a sama ta bayyana, a koma da takardun jiya a hannu, ko da awa biyu ke nan da dawowa gida.